Miya ta zama abinci, tuwo ya zama mahaɗi

Duk wanda likita ya gaya wa cewa sugansa ya hau, kafin ya kwana biyu 'yan uwa da abokan arziki sun gama tsara masa abin da zai ci. Ya bar shinkafa ya koma tuwon alkama, ya bar masara ya nemi acha, ya daina sukari ya riƙa zuba zuma. Shawara ce ta ƙauna, amma tana cikin abubuwan da suka fi wahalar da masu ciwon suga a ƙasar Hausa. Mutum zai yi wata uku yana cin malmala biyu ta alkama rana da dare, ya koma asibiti a auna a tarar suga yana nan inda yake, ko ma ya ƙaru. Daga nan sai ya yanke ƙauna, ya ce gyaran abinci ba ya aiki.

Matsalar tana cikin lissafi. A kowane gram 100 na garin alkama akwai sitaci wajen gram 70. Gero, dawa da masara duk suna tsakanin 70 da 75. Acha ma can take. Ɗanyar shinkafa ta kusa 80, garin kwaki ya haura 80. Zuma kuwa kashi 80 cikin 100 nata sukari ne. Dusar da ke jikin alkama da ƙwayar da ba a surfa ba tana ɗan rage saurin narkewa, wannan gaskiya ne, amma da zarar an kai inji an niƙa lukwi, an tankaɗe, an tuƙa, bambancin ya ragu sosai. Sitaci sukari ne da aka ƙulla shi jere-jere. Tun daga baki yawu yake fara warware shi, hanji ya ƙarasa, ya shiga jini a matsayin suga, jiki kuma ya fitar da insulin don ya kwashe shi. Wanda jikinsa ya daina jin insulin yadda ya kamata, yawan abin da ya ci shi ne ke damun sa, sunan hatsin kuwa ƙaramin al'amari ne.

Masana abinci kan kira tsarin ci da “mai ƙarancin sitaci” idan abin da mutum ke ci na sitaci da sukari a yini bai kai gram 130 ba. Wanda ake kira kito ya fi tsanani, gram 20 zuwa 50 ne kacal, kuma asalinsa ba don rage ƙiba aka ƙirƙiro shi ba. A shekarar 1921 likitoci a Amurka suka fara amfani da shi wajen kula da yara masu farfaɗiya. Yanzu a duba yinin ma'aikaci ko ɗan kasuwa a Kano ko Kaduna. Da safe shayi da ƙwayar sukari huɗu, gram 20 ke nan, da rabin matsakaicin biredi, wajen gram 75. Da rana faranti guda na shinkafa, kusan gram 100, a kora da lemon roba mai santilita 50, wanda ke ɗauke da sukari wajen gram 50. Da dare malmala biyu, gram 150 ko fiye. An doshi 400 ba a ma lissafa fura ko fanken la'asar ba. Wanda ya yini yana huɗa a gona zai ƙona wannan. Wanda ya yini zaune a shago ko a bayan sitiyari ba zai ƙona ba.

A ganina yawancin mutane ba su da buƙatar kito. Saukowa daga 400 zuwa 100 ko 130 babban sauyi ne a jini, kuma mutum zai iya ɗorewa a kansa shekara da shekaru yana cin abincin gidansu. Kito irin na intanet, mai garin almon da man zaitun na kanti, sati biyu ake yi a gaji, aljihu ma ya gaji.

Abin sha ake fara taɓawa, domin nan ne riba ta fi yawa da ƙaramin ƙoƙari. Sukarin da ke cikin ruwa ba ya jiran tauna, kai tsaye yake wucewa, kuma ba ya ƙosarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu a yini, in da hali ma ya tsaya a kashi 5, wato wajen gram 25, ƙaramin cokali shida. Kwalbar lemo ɗaya ta wuce wannan. Maltina da ire-irenta da ake kai wa marar lafiya a asibiti, su ma sukari ne. Haka zoɓo da kunun zaƙi da kunun ayar da ake sayarwa a gora. Kunun aya ma ya fi yaudara, don ana ce masa na gargajiya ne mai ƙara lafiya, alhali aya da kanta tana da sitaci da zaƙi, an markaɗa ta da dabino, sannan an zuba sukari a kai. Zoɓon da aka dafa a gida da citta da kanumfari, ba sukari, ba ya ɗauke da komai na damuwa ta wannan fuska. Ɗanɗanon yana yi wa harshe tsami a satin farko, daga baya ya saba. Shayi kuma a rage masa ƙwaya ɗaya duk bayan kwana uku ko huɗu har a kai babu. Milo da Bournvita akwai sukari a cikinsu tun daga kamfani, madarar gwangwani mai kauri mai zaƙi kuwa fiye da rabinta sukari ne.

Gwamnatin Najeriya ta sanya harajin naira 10 a kan kowace litar lemo mai sukari a Dokar Kuɗi ta 2021, aka fara karɓa a 2022. Manufar tana da kyau, amma naira 10 yau ko ledar ruwa ba ta saye, ba za ta hana kowa shan lemo ba. Kuma harajin bai shafi kunu da zoɓon da ake haɗawa a cikin unguwa ba, inda babu wanda ke rubuta yawan sukari a jikin gora. Sinadaran zaƙi da ba sukari ba, ba sa ɗaga suga nan take, sai dai a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da su wajen rage ƙiba. A yi amfani da su na ɗan lokaci idan sabo ya yi nauyi, amma abin nema shi ne harshe ya rage son zaƙin gaba ɗaya.

Fura na buƙatar magana ta daban, don mutane da yawa ba sa ƙirga ta a abinci. Dunƙulen fura gero ne tsantsa, dafaffe, kirɓaɓɓe, an dama shi ya zama ruwa, an ƙara sukari. Ga mai ciwon suga wannan haɗi ne mai saurin hawa. Kindirmon shi kaɗai kuwa abinci ne mai kyau, sukarinsa gram 4 zuwa 5 ne a kowane mililita 100. Kofi guda na kindirmo da ɗan ɓarin fura kamar kwata, ba sukari, ya isa a ji ɗanɗano. Yogot na kanti galibi an zuba masa sukari, a karanta jikin robar kafin a saya.

Sai tuwo. Babu wanda zai iya faɗa maka sitacin da ke cikin “malmala ɗaya”, domin malmalar wani gida ta yi biyun ta wani. Hanya mafi sauƙi ita ce a auna garin kafin a tuƙa. Ƙaramin sikelin kicin ya wadatar, kuma sau ɗaya ko biyu ake yi a gane. Idan uwargida ta tuƙa kilo ɗaya na garin masara ko dawa, akwai sitaci gram 700 da ɗoriya a tukunyar. Idan ta kwashe malmala takwas, kowace tana da wajen gram 90. Idan goma sha biyu ne, wajen 60. Wanda ke son tsayawa a gram 120 a yini, rabon abincin darensa bai kamata ya wuce gram 40 zuwa 45 ba, wato rabin babbar malmala. Gara uwargida ta samu ƙaramar mara ta kwashe masa nasa daban tun daga tukunya, domin in aka ajiye wa mutum cikakkiyar malmala a gabansa aka ce ya ci rabi, da wuya hannu ya tsaya. Shinkafa ma haka. Gwangwanin madara ɗaya na ɗanya yana da sitaci wajen gram 100, dafaffiya kuma gram 28 a kowane gram 100. Doya dafaffiya tana kusa da haka, dankalin Hausa da na Turawa wajen gram 20. Taliya da indomi suna sahun shinkafa.

Idan aka rage tuwo aka bar miya yadda take, yunwa ce za ta biyo baya, kuma yunwa ce ke rushe kowane tsari. A gidajenmu miya ludayi ɗaya ce da ake shafa wa tuwo don ya wuce. Abin da ake so shi ne a juya lamarin: miya ta cika kwano, mai kauri, mai ganye da yawa da abin taunawa a ciki, a sha ta da cokali, tuwon ya zama 'yan lomomi a gefe. Kuma Allah ya hore mana kayan miyar da suka dace da wannan. Kuɓewa ɗanya tana da gram 7 kacal a cikin 100, kabeji 6, kabewa ma kusan haka. Alayyahu, zogale, yakuwa, rama, lalo, karkashi da tafasa duk sitacinsu kaɗan ne, ga harza mai riƙe ciki. Miyar taushe da aka cika wa alayyahu da gyaɗa, miyar agushi, miyar riɗi, miyar zogale da gyaɗa, kowace tana iya tsayawa da ƙafarta. Miyar kuka ba ta da laifi, sai dai ita kaɗai ba ta ƙosarwa, tana buƙatar wake ko kifi ko nama a ciki. Abin lura shi ne kada a ɗaure miya da fulawa ko gari, kuma a yi hankali da kanwa da dunƙule, domin duka biyun suna ƙara gishirin da ke tayar da hawan jini. Daddawa da busasshen kifi suna ba da ɗanɗanon da zai sa a rage dunƙulen.

Kwaɗo shi ne abincin da ya fi dacewa da wannan tsari, kuma namu ne tun kaka da kakanni. Kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli, albasa, tumatir da ɗan man gyaɗa cikakken abincin rana ne, muddin ba a barbaɗa masa garin kwaki ko sukari ba kamar yadda wasu ke yi. Dambu ma ana iya juya shi: a maimakon tsaki mai yawa da ɗan zogale, a sa zogale kashi uku, tsaki kashi ɗaya. Fate haka nan, ganye ya rinjayi tsaki. Masu yin “tuwon kabeji” suna markaɗa kabeji, su matse ruwan a kyalle, su tuƙa da abin ɗaurewa. Wanda ya ji daɗinsa ya ci, amma ba dole ba ne, kuma yawanci ba ya burge wanda ya tashi da tuwon dawa.

Tsarin cin ma yana da tasiri. An gwada an gani cewa idan aka fara da ganye da nama, aka bar sitacin zuwa ƙarshe, suga ba ya hawa kamar yadda yake yi idan an fara da sitacin. Tafiyar minti goma zuwa sha biyar bayan cin abinci ita ma tana saukar da shi, domin tsoka tana jan suga daga jini yayin da take aiki. Wanda ya ci tuwon dare ya taka zuwa masallaci mai ɗan nisa don sallar isha'i ya samu wannan a kyauta. Ɗumame kuwa, gaskiya ne sitacin da ya huce ya kwana wani ɓangarensa ba ya narkewa da sauri, amma ragin kaɗan ne, bai kai a ƙara malmala saboda shi ba.

Karin kumallo shi ne inda aka fi shan wahala, don koko, kunu, biredi, waina da gurasa duk sitaci ne. Ƙwai biyu ko uku da aka soya da albasa, tumatir da kabeji kusan babu sitaci a cikinsu. Awara ma haka, gram 2 ko 3 a cikin 100, in dai ba a tsoma ta a fulawa kafin suya ba. Wake yana tsakiya. Dafaffensa yana da wajen gram 20 a cikin 100, amma harzarsa da sinadarin gina jikinsa suna sa ya shiga jini a hankali, shi ya sa ƙosai huɗu ko biyar, ko alala ɗaya, suka fi biredi nesa ba kusa ba. Kuskuren shi ne haɗa ƙosan da kofin koko mai sukari. Ɗanwake kuwa sunansa ne kawai na wake, garin rogo ko fulawa ne suka fi yawa a yawancin kwaɓin. Shinkafa da wake a juya su, wake kashi biyu, shinkafa kashi ɗaya. Tsire da balangu ba su da matsala, matsalar tana cikin biredi ko wainar da ake naɗe su da ita. Kilishi a tambaya, wasu na sa sukari a labu.

'Ya'yan itace ba a haramta su ba, amma ba daidai suke ba. Kankana tana da wajen gram 8 a cikin 100, lemon zaƙi 12, mangwaro 15, ayaba 23, busasshen dabino kuwa wajen 75. A lokacin mangwaro mutum kan zauna ya sha biyar a zama ɗaya yana ganin ai ba abinci ya ci ba. Guda ɗaya bayan abinci ya isa, kuma a ci shi yadda yake, kada a matse ruwan a sha. Gwaiba, yalo, ɗata da kokwamba sun fi sauƙi. Rake ruwan sukari ne kawai.

Akwai ƙorafin da ba za a kauce masa ba, wato cewa wannan cin masu hali ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Magidancin da ke fafutukar kwanon masara ba za a ce masa ya sayi kaza ba, kuma hatsi shi ne abu mafi araha da ke cika ciki, wannan babu musu. Amma rage sitaci ba ya nufin nama kullum. Waken suya yana cikin mafi arahar abin gina jiki a kasuwa, kuma ana yin awara a gida: a jiƙa, a markaɗa, a tace, a tafasa, a zuba ruwan tsami ko na tsamiya ta dunƙule, a matse a kyalle. Ga ƙuli-ƙuli, ga wake, ga ƙananan busassun kifi, ga ƙwan zabi da damina, ga fara a inda ake cin ta kamar Maiduguri, Maraɗi da Damagaram. Ganye da damina kusan kyauta ne, a shanya shi a inuwa a ajiye don rani. Kuɗin da ke tafiya a lemo, sukari da biredi a wata, idan aka tara, ya sayi ƙwai masu yawa. Sannan magungunan suga da tsinken awon suga daga waje ake shigo da mafi yawansu, farashinsu ya bi dala, don haka duk abin da zai rage buƙatar ƙarin magani shi ma tanadi ne. Gargaɗi ɗaya game da gyaɗa: wanda zai yawaita cin ta da ƙuli-ƙuli ya guji wadda ta yi funfuna ko take ɗaci, domin gubar da ke cikinta tana lalata hanta, kuma suya ba ta kashe ta.

Satin farko yana zuwa da abubuwan da ke tsorata mutane. Jiki yana ajiye suga wajen gram 400 zuwa 500 a hanta da tsoka, kuma kowane gram yana riƙe da ruwa kusan gram 3. Idan aka rage sitaci wannan ajiya tana raguwa, ruwan ya fita ta fitsari, gishiri ya bi shi. Shi ya sa sikeli ke nuna an rage kilo ɗaya ko biyu cikin kwanaki kaɗan. Ruwa ne, kitse bai fara tafiya ba tukuna. Shi ya sa kuma ake jin ciwon kai, kasala, jiri idan an miƙe, da ɗaurewar jijiyar ƙafa da dare. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri, abin ya fi tsanani. Maganinsa shan ruwa sosai, da romo, da kuma saukowa a hankali cikin sati biyu ko uku: abin sha tukuna, sannan abincin dare, sannan na safe. Shafukan ƙasashen waje kan ce a ƙara gishiri. Mai hawan jini kada ya bi wannan ba tare da likitansa ya sani ba. Taurin bayan gida ma yana faruwa ga wanda ya bar tuwo ya koma nama da ƙwai kawai, kuɓewa, ganye da ruwa ne ke warware shi.

Abin da ya fi komai haɗari shi ne magani. Wanda ke shan glibenclamide, gliclazide ko glimepiride, ko yake allurar insulin, an auna masa maganin ne daidai da tuwon da yake ci. Idan ya rage tuwon ya bar maganin yadda yake, suga zai iya faɗuwa ƙasa da 70 a na'urar awo mai ma'aunin mg/dL, kuma wannan yana iya kisa cikin sa'o'i, ba kamar hawan suga da ke ɗaukar shekaru yana ɓarna ba. Alamominsa rawar jiki, zufa mai sanyi, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, gani dishi-dishi da ruɗewa. Idan haka ta faru a tsotsi ƙwayar sukari uku, ko a sha rabin ƙaramar kwalbar lemo, a jira minti 15 a sake aunawa, in bai hau ba a maimaita. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake kai shi. Don haka mai shan waɗannan magunguna ya je wurin likita kafin ya fara, a rage masa adadin, kuma sukari ya zauna a aljihunsa. Metformin shi kaɗai da wuya ya jawo wannan faɗuwa. Akwai kuma sababbin magunguna irin su empagliflozin da dapagliflozin, masu fitar da suga ta fitsari. Haɗa su da kito na iya sa jini ya yi tsami har a kwanta asibiti alhali awo yana nuna suga daidai. Amai, ciwon ciki da numfashi sama-sama ga mai shan su abin gaggawa ne. Maganin hawan jini ma yakan buƙaci ragi idan nauyi ya fara sauka, alamar ita ce jiri idan an tashi tsaye.

Mai juna biyu, mai shayarwa, yara, mai ciwon ƙoda, mai sikila, da mai nau'in ciwon suga na ɗaya da rayuwarsa ta dogara da insulin, duk waɗannan ba su shiga wannan tsari da kansu. Haka wanda yake siriri kuma yana ƙara ramewa. Ba kowane mai ciwon suga ne mai ƙiba ba a nahiyarmu, kuma a 2025 Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta amince da wani nau'i da ke da alaƙa da ƙarancin abinci tun yarinta. Irin wannan mutum rage masa abinci cutarwa ce.

Ga mai tumbi kuwa, saukar nauyi ita ce babbar magana. A wani bincike da aka yi a Birtaniya aka fitar da sakamakonsa a 2017, kashi 46 cikin 100 na waɗanda aka sa wa tsarin rage nauyi sun koma suga daidai ba tare da magani ba bayan shekara ɗaya, cikin waɗanda suka rage kilo 15 ko fiye kuwa kashi 86. Tsarin nasu na rage yawan abinci ne gaba ɗaya, ba na sitaci kaɗai ba, kuma mutanen ba su daɗe da ciwon ba. Abin da wannan ke nunawa shi ne rage sitaci yana aiki ne musamman saboda yana rage yunwa da yawan ci. Wanda ya bar tuwo ya koma shan man shanu da kakiɗe da tsire ba iyaka ba zai ga saukar nauyi ba, kuma mummunan kitsen jininsa na iya hawa. Man gyaɗa, gyaɗa, riɗi da kifi su ne kitsen da ya fi aminci. Ciwon kuma lafawa yake yi, idan nauyi ya dawo shi ma yana dawowa. Awon tumbi ba ya buƙatar kuɗi: a yanki igiya daidai tsawon mutum, a ninka ta biyu, a zagaya ciki da ita wajen cibiya. Idan ba ta haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa.

Na'urar awon suga ita ce ke raba gardama, domin jikin kowa da yadda yake karɓar abinci. A auna kafin loma ta farko, a sake aunawa bayan awa biyu daga lomar farko. Ga mai ciwon suga ana son awon bayan abinci ya kasance ƙasa da 180, na safe kafin a ci komai kuma tsakanin 80 da 130. Idan tuwon alkama ya kai mutum 250, kwaɗon zogale da ƙwai ya tsaya 140, ba sai wani ya yi masa wa'azi ba. Tsinken awo yana da tsada, don haka a gwada abinci ɗaya a yini, a rubuta a littafi, cikin sati biyu an san abincin gidan gaba ɗaya. A wanke hannu da sabulu a bushe kafin a huda, domin ragowar mangwaro ko dabino a yatsa yana ba da lamba ta ƙarya. A rufe robar tsinken da zarar an ciro, kada a bar ta a mota cikin rana, a duba ranar lalacewa. A kuma lura da ma'aunin: wasu na'urori suna nuna mg/dL, wasu mmol/L, ana raba na farko da 18 a samu na biyu. A Nijar asibitoci kan rubuta da gram a lita. Don haka 126, da 7.0, da 1.26 duk abu ɗaya ne, kuma shi ne iyakar da idan awon safe ya kai ta sau biyu ake cewa akwai ciwon suga.

Azumi yana da nasa hukuncin. Buɗa-bakinmu kan tara dabino, kunu, ƙosai, soyayyen dankali da doya, lemo, sannan tuwo ko shinkafa, duk cikin awa biyu a kan cikin da ya yini babu komai. Dabino ɗaya ko biyu ƙanana da ruwa, sai farfesu ko ƙwai da ganye, sannan ɗan sitacin bayan sallah, ya fi. Sahur a jinkirta shi, a yi shi da wake, ƙwai ko kindirmo. Mai shan magani ya ga likita makonni kafin watan ya kama don a sauya lokuta da adadi. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce a karya azumi idan suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, kuma malamai da dama sun yi bayanin cewa huda yatsa don awo ba ya karya azumi.

Bayan wata uku da farawa a koma asibiti a yi gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku da suka wuce, tare da gwajin kitsen jini da na ƙoda, a kwatanta da na kafin a fara. Kashi 6.5 shi ne iyakar ciwon suga, yawancin masu ciwon kuma ana son su tsaya ƙasa da 7. Gwajin ya dogara ne da tsawon rayuwar jajayen ƙwayoyin jini, wajen kwana 120, saboda haka ga mai sikila, ko mai ƙarancin jini, ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, lambar na iya fitowa ba daidai ba. Irin waɗannan su gaya wa likita tun kafin a ɗebi jinin, su kuma tafi da littafin da suke rubuta awon yatsa a ciki.